Ni ɗan ina ne idan ana rabon aikin gwamnati?

Tambaya: A Jos aka haife ni, mahaifina ma a nan aka haife shi. Kakana ne ya zo daga ƙasar Kano zamanin haƙar kuza. Shekara huɗu ke nan da na gama digiri da hidimar ƙasa. Duk aikin gwamnatin tarayya da na nema sai a ce in kawo takardar shaidar zama ɗan asalin jiha. Ƙaramar hukumar da nake zaune ta ce ni baƙo ne, can garin kakana kuma babu wanda ya san fuskata. Kwanan nan wani ya ce in haɗo kuɗi ya samo mini gurbi. Shin wannan tsarin raba daidai ba shi ne nuna bambancin da kansa ba? Kuma akwai wata kariya da doka ta ba irina?

Amsa: Ƙanena, na yi shekaru masu yawa a sashen kula da ma'aikata kafin in ajiye aiki, kuma na sha zama a teburin da ake tantance takardun masu neman aiki. Irin takardarka ta sha biyowa ta hannuna. Kuɗin nan dai kada ka bayar, zan dawo kansa. Bari mu fara da raba daidai, don yawancin masu zaginsa da masu kare shi ba su taɓa karanta abin da ya ƙunsa ba.

Tsarin bai faɗo daga sama ba. Gab da samun 'yancin kai, yawancin akawu da jami'an da ke ofisoshin gwamnati a Arewa Turawa ne da 'yan Kudu, saboda makarantun mishan sun riga sun yi nisa a Kudu tun Arewa na da sakandare ƙalilan. Wannan ya sa gwamnatin Sardauna ta ɗauki manufar fifita 'yan Arewa a aikin Jihar Arewa, aka riƙa horar da su a gaggauce a makarantar koyon mulki ta Kongo da ke Zariya. A aikin soja ma an yi kaso: rabi na Arewa, sauran rabin Gabas da Yamma su raba. Bayan yaƙin basasa, Janar Murtala Muhammad ya ɗora wa kwamitin tsara kundin mulki da ya ƙaddamar a 1975 nauyin samo hanyar da kowane ɓangare zai ga kansa a cikin gwamnati. Daga nan maganar ta shiga kundin 1979, ta kuma dawo a sashe na 14(3) na kundin 1999, wanda ya ce kada wasu 'yan jihohi ko wata ƙabila su mamaye gwamnatin tarayya da hukumominta. Sashe na 14(4) ya ɗora irin wannan nauyi a kan jihohi da ƙananan hukumomi, amma shi ba a cika tuna shi ba. Hukumar Raba Daidai kuwa gwamnatin Abacha ce ta kafa ta da dokar soja mai lamba 34 ta 1996, tana da shugaba da kwamishina ɗaya daga kowace jiha da Abuja.

Lissafin hukumar mai sauƙi ne. Kowace jiha tana da kashi 2.75 cikin ɗari na ma'aikatan kowace hukumar tarayya, kada ta gaza 2.5, kada ta haura 3. Abuja tana da kashi 1. Ka ninka 2.75 sau 36, ka ƙara ɗaya, ɗari ta cika. Ƙananan ma'aikata daga mataki na 6 zuwa ƙasa, irin su direbobi da masinjoji, kashi 75 nasu daga yankin da ofishin yake ake ɗauka. Ƙa'idar ta kuma ce a cikin kowace jiha a zaɓi wanda ya fi cancanta, in kuma wata jiha ta rasa mai cike gurbinta a duba maƙwabtanta na shiyya ɗaya.

To ka lura da abin da lissafin yake ƙirgawa. Jihohi yake ƙirgawa, bai san mutum ba. Kano mai ƙananan hukumomi 44 da Bayelsa mai 8 kasonsu ɗaya. Idan ɗan minista daga jiharku ya shiga, a takarda jiharku ta samu rabonta, hukuma ta buga hatimi, ɗan mai gyaran takalmi da ya fi shi maki kuma babu inda sunansa zai fito. Ni ina cikin masu ganin ƙasa irin tamu ba za ta zauna lafiya ba idan aka wayi gari ma'aikatar kuɗi ko kwastan ta zama ta yare ɗaya. Amma kada wani ya ruɗe ka cewa raba daidai kariya ce ga talaka. Kariya ce ga kason jiha, kuma wanda ke da uwa a gindin murhu shi yake cin kason.

Yanzu sai matsalarka ta ainihi. Kundin mulki ya yi amfani da kalmar ɗan asali, misali a sashe na 147(3) da ya ce a naɗa minista aƙalla ɗaya ɗan asalin kowace jiha, amma bai taɓa faɗin shekara nawa zuri'a za ta yi a wuri kafin ta zama 'yar asali ba. Abin da sashe na 318 ya ce kawai shi ne, mutum na jiha ne idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ya fito daga al'ummar da ke 'yar asalin jihar. Wace al'umma ce 'yar asali? Shiru. Sai aka bar amsar a hannun shugabannin ƙananan hukumomi, masu sa hannu a takardar. Kai da ke Jos ka fi ni sanin abin da wannan giɓi ya haifar. Rikicin Afrilun 1994 ya tashi ne a kan naɗa Alhaji Aminu Mato shugaban riƙon ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, na Satumbar 2001 kuma ya biyo bayan taƙaddama a kan naɗa Alhaji Mukhtar Muhammad jami'in shirin yaƙi da talauci na wannan ƙaramar hukuma. Duka biyun a kan kujerar gwamnati aka fara, da tambayar nan taka: wane ne ɗan gari?

Kada kuma ka ɗauka mu kaɗai ake yi wa. A 2011 gwamnatin Abiya ta sallami ma'aikatan da ba 'yan asalin jihar ba, yawancinsu Ibo 'yan'uwansu daga jihohin maƙwabta. A jihohinmu na Arewa ma, akwai malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya da aka haifa a Sabon Gari, ya yi shekara ashirin yana aiki a kan kwantiragi, babu fansho, saboda sunan kakansa. Idan za mu yi kuka da abin da ake yi mana a Filato, to mu kalli wannan ma. Mata kuwa abin ya fi yi musu ciwo, domin ƙa'idar hukumar ta ce matar aure jihar mahaifinta za ta ci gaba da iƙirari. A 2012 Mai Shari'a Aloma Mukhtar, tana Alƙaliyar Alƙalan Najeriya, ta dakatar da rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara, saboda an haife ta 'yar Anambara amma an kawo sunanta a kason Abiya, jihar mijinta, inda ta yi shekaru tana alƙalanci. Sai da aka yi ta ce-ce-ku-ce kafin a rantsar da ita. A Maris na 2022 majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudurin da zai ba mace damar zama 'yar jihar mijinta. Idan babbar alƙaliya ta sha wannan, ka ƙiyasta yarinyar da ke neman aikin akawu.

Abin yi a nan shi ne, a ƙa'idar Hukumar Raba Daidai, kai ɗan asalin ƙaramar hukumar kakanka ne, halak malak, ko da ba ka taɓa kwana a can ba. Ƙa'idar ta ba da hanya biyu: ko ta iyaye da kakanni, ko kuma ƙaramar hukuma ta karɓi mutum a matsayin nata. Ta biyun ce aka rufe maka. Ta farkon a buɗe take. Ka nemi dattijo a dangi da ya san gidan, ku je tare, ku fara daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi, sannan sakatariyar ƙaramar hukuma. Zai ci maka kuɗin mota da 'yan kwanaki, kuma ba ranar da aka buɗe shafin ɗaukar aiki ake fara wannan ba, ba a fafe gora ranar tafiya. Na san akwai ɗaci a ce mutum ya je neman shaida a garin da bai sani ba alhali a Jos aka yanke masa cibiya, kuma ka sani a kason Kano za ka yi gogayya da jama'a masu yawan gaske. Karɓar takardar ba ta hana ka ci gaba da neman haƙƙinka a inda aka haife ka ta hanyar siyasa da ƙungiya. Sai dai ka riƙe ƙaramar hukuma ɗaya tak. Na ga mutanen da suka faɗi a tantancewa saboda katin ɗan ƙasa ya ce wata jiha, takardar hidimar ƙasa ta ce wata, takardar asali kuma ta ce ta uku. Takardar bogi kuwa, ko bayan shekara goma aka gano ta, kora ce.

Sai maganar mai neman kuɗi. A gaskiya a nan ne aka fi cutar masu neman aiki, fiye da wurin takardar asali. Doka ta ce kafin hukuma ta ɗauki ma'aikata ta tallata guraben a jaridun ƙasa aƙalla biyu, ta ba mutane mako shida, sannan bayan an gama ta karɓi takardar shaidar bin ƙa'ida daga Hukumar Raba Daidai. Amma akwai wata ƙofa da ma'aikata ke kira weba, wato izinin ɗauka ba tare da talla ba idan guraben ba su da yawa. Sai shugaban hukuma ya yanka guraben gunduwa-gunduwa, ya nemi izinin a kan kowane yanki. Akwai kuma abin da ake kira maye gurbi: wani ya rasu ko ya yi ritaya, sai a saka wani a madadinsa a ɓoye. Aikin da ba a tallata ba, ta yaya ɗan talaka zai nema? An cire shi tun kafin a fara, kuma babu wanda zai ce an nuna masa bambanci, tunda ko takarda bai kai ba.

Na taɓa zama a wani kwamiti, ba zan faɗi ofishin ba. Mun kwana uku muna duba takardu, muka fitar da sunaye bisa maki, jiha-jiha. Ranar da za a miƙa sai ga wata takarda daga sama da sunaye a jere, kowane da sunan wanda ya turo shi a gefe da fensir. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, da aka lissafa, jerin nasu ya cika sharaɗin raba daidai tsaf. Kowace shiyya ta samu. Mu biyu muka ƙi sa hannu, aka samu wasu suka sa.

Wannan ba hira ba ce ta tsofaffin ma'aikata kawai. A 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti ƙarƙashin Yusuf Gagdi don binciken cinikin guraben aiki, kuma a gaban kwamitin wani tsohon ma'aikacin Hukumar Raba Daidai kanta ya amsa cewa ya karɓi kuɗi daga masu neman aiki. Shugabar hukumar ta wancan lokaci ta musanta cewa da hannunta. Ka tuna kuma da ranar 15 ga Maris, 2014, da aka tara masu neman aikin shige da fice a filayen wasa bayan kowa ya biya naira 1,000. Fiye da mutum rabin miliyan suka nema, guraben ba su kai 5,000 ba, aka yi turmutsutsu, mutum fiye da goma suka rasu. Mai ce maka ka kawo kuɗi, ɗayan biyu ne. Ko ɗan damfara ne da zai ba ka ofa ta bogi, ka yi wata shida kana zuwa ofis sunanka bai hau tsarin albashi na IPPIS ba. Ko kuma da gaske yana da hanya, ka shiga, ka zama abokin laifi, domin dokar 2000 da ta kafa ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci, ta hukunta mai bayarwa kamar yadda ta hukunta mai karɓa. Ranar da aka zo tantance ma'aikata, kai za a fara kamawa, shi ya riga ya ci ya goge baki.

Kariyar da ke taka ta kanka tana sashe na 42 na kundin mulki. Shi ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda ƙabilarsa, ko garinsu, ko jinsinsa, ko addininsa, ko ra'ayinsa na siyasa, ko yanayin haihuwarsa. Bambancinsa da sashe na 14 babba ne: shi yana cikin babin haƙƙoƙin da za ka iya kai ƙara a kansu kai tsaye, wancan kuwa yana babin manufofi da kotu ba ta cika tilasta su ba. Amma ba zan ɓoye maka ba, ƙaramin sashe na uku na 42 ɗin ya bar ƙofa ga dokokin da suka sa sharuɗɗa wajen naɗa mutum a muƙamin gwamnati ko soja ko ɗan sanda, kuma da shi lauyoyin gwamnati ke kare kansu. Shi ya sa ƙarar da ke neman rusa tsarin kaso gaba ɗaya ke da wuyar ci. Wadda ake ci ita ce wadda mutum ya nuna abin da aka yi masa shi kaɗai, da takarda a hannu.

Wurin kai irin wannan ƙara shi ne Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Gyaran kundin mulki na uku, na 2010, ya ba ta ikon sauraron duk rigimar aiki, har da nuna bambanci da cin zarafin mata a wurin aiki, ya kuma ba ta damar amfani da yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Najeriya ta amince da su, kamar mai lamba 111 da ta hana wariya wajen ɗaukar aiki, wadda muka shiga a 2002. Kuma kotun tana cizo. A 2021 an kori wata 'yar sanda a Ekiti saboda ta yi ciki ba ta da aure, bisa wata tsohuwar ƙa'ida mai lamba 127. A Janairun 2023 kotun da ke Akure ta ce ƙa'idar wariya ce, tunda ba a korar ɗan sanda namiji idan ya yi wa wata ciki, ta kuma ba ta diyyar naira miliyan 5. Ko me mutum yake gani game da abin da ta aikata, hujjar alƙali ita ce laifi ɗaya, hukunci biyu.

Tunda wasu ma za su karanta, bari in ƙara biyu a gurguje. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce hukumomin gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-gine yadda mai keke zai iya shiga. Wa'adin ya cika, kuma ka shiga sakatariyar da ta fi kusa da kai ka ƙirga matakala. Wata doka ta 2014 kuma ta hana a sa gwajin cutar ƙanjamau ya zama sharaɗin ɗaukar aiki. Yawancin waɗanda waɗannan dokoki suka shafa ba su san da su ba, jami'an da ke karya su ma wasu ba su sani ba.

Idan ka nema aka ƙi ka, kuma kana zargin ba a yi daidai ba, takarda ce makaminka. Ka adana tallar aikin, da shaidar da shafin intanet ya ba ka, da duk saƙon da aka turo, da sakamakon jarrabawa in an fitar. Ka rubuta wa hukumar da ta ɗauki ma'aikatan a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, ka nemi a ba ka adadin guraben, da jaridun da aka tallata, da rabon waɗanda aka ɗauka jiha-jiha, da takardar shaidar bin ƙa'ida. Doka ta ba su kwana bakwai. Sau da yawa ba za su amsa ba, amma kwafin wasiƙarka mai hatimin "an karɓa" ya zama hujja, kuma na ga yadda irin wannan wasiƙa ke hana darakta barci. Daga nan ka kai ƙorafi a rubuce ga kwamishinan jiharka a Hukumar Raba Daidai, tana da ofis a jihohi. Akwai Hukumar Sauraron Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, kyauta take aiki, amma tana so a kawo ƙorafi cikin wata goma sha biyu. Maganar kuɗi kuwa ICPC za ka kai. Idan kotu za ka je, ka ga lauya da wuri. Akwai tsohuwar dokar kare jami'an gwamnati da ta ce a shigar da ƙara cikin wata uku, kotuna sun yi ta saɓani a kan ko ta shafi rigimar aiki, kuma bai kamata a gwada wannan saɓani a kan ƙararka ba.

Ka kuma san inda kake jefa ƙugiyarka. Ma'aikatun tarayya, daga mataki na 7 zuwa sama, Hukumar Ɗaukar Ma'aikatan Tarayya ce ke ɗaukar musu, kuma a 'yan shekarun nan tana buɗe shafi tana yin jarrabawa ta kwamfuta. Hukumomi masu cin gashin kansu, waɗanda albashinsu ya fi tsoka, su ke ɗaukar nasu da kansu, kuma a can weba da maye gurbi suka fi yawa. Inda ake jarrabawar kwamfuta a fitar da maki, a nan irinka ya fi samun rabo, domin maki da aka riga aka buga yana da wuyar gogewa. Saboda haka ka je Kano a wannan watan ka karɓo takardarka, ka duba ta yi daidai da abin da ke kan katinka na ɗan ƙasa, in akwai saɓani ka gyara shi tun yanzu. Shi kuma mutumin naka, ka ce ya nuna maka jaridar da aka tallata gurbin, da ranar da ta fito.